Ta yaya mutum zai shirya zuciyarsa kafin Kirsimeti?

Maman Rifkatu, Sabon Gari:

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Ina da wata damuwa wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da na ga hunturu ya fara sauka, hazo ya rufe gari, sai na ce gara in kawo ta gabanku tun da sauran lokaci.

Bara, tun daga tsakiyar watan Nuwamba ban zauna ba. Adashinmu ya fito, na sayi atamfar anko ta Zumuntar Mata da kayan yara uku, na yi ta sintiri wurin tela har sau biyar, domin kullum na je sai ya ce in dawo jibi. Maigida kuma ya shiga watandar saniya da abokan aikinsa. Ranar jajibere na raba dare ina suyar nama da cincin, ban kwanta ba sai wajen ƙarfe uku, da asuba kuma na ɗora shinkafa. Ko da muka isa majami'a an riga an yi nisa da sujada, na sami wuri a bencin baya da goyo a bayana, barci kuwa ya yi awon gaba da ni, ban farka ba sai da aka tashi waƙar baiko wata 'yar'uwa ta taɓa kafaɗata. A cikin wannan barcin ne yara suka yi wasan kwaikwayon haihuwar Yesu. 'Yata mai shekara tara ita ce ta fito a matsayin mala'ika, kuma mako uku ta yi tana haddar maganarta a tsakar gida. A hanyar komawa ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, kin ji yadda na ɗaga murya lokacin da na ce wa makiyaya kada su ji tsoro?" Na ce mata na ji. Ƙarya na yi wa 'yata a ranar Kirsimeti, kuma har yau abin yana sukar raina.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi wannan nauyi. Shekara biyu ke nan ba ma ga maciji da facalata, saboda wata magana da ta taso lokacin rabon gadon surukinmu. Majami'armu ɗaya, ankonmu ɗaya, tare muke matsawa gaba mu karɓi Jibin Ubangiji, amma ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Bara kwanona ya shiga gidajen maƙwabta goma sha ɗaya, nata ne kaɗai bai shiga ba.

Tambayata ita ce, mene ne ainihin abin da muke tunawa a wannan rana, kuma ta yaya mace mai yara da sana'a, wadda ba ta da lokacin keɓewa, za ta shirya zuciyarta dominta? Shin girkin da ɗinkin su ne laifin, in bar su gaba ɗaya?

Dattijon Wusasa:

'Yata, salama. Allah ya yi miki albarka da kika faɗi gaskiya, domin da yawa daga cikinmu mun yi irin wannan barcin, wasu ma idonsu biyu suka yi shi.

Bari in fara da tambayarki ta farko, gama idan ita ta zauna, sauran za su sami gindin zama. Abin da ikilisiya take tunawa a Kirsimeti shi ne cewa Allah da kansa ya ɗauki jikin mutum. Yohanna ya buɗe bishararsa da cewa Kalman yana nan tun fil'azal, yana tare da Allah, shi kuwa Allah ne, sa'an nan a aya ta 14 ya ce Kalman nan ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Matiyu kuma ya ba mu sunaye biyu a surarsa ta farko: Yesu, domin shi ne zai ceci mutanensa daga zunubansu, da Immanuwel, wanda annabi Ishaya ya ambata tun ƙarnuka kafin haka, ma'anarsa kuwa Allah yana tare da mu. Suna ɗaya yana gaya mana ko shi wane ne, ɗayan yana gaya mana abin da ya kawo shi. Saboda haka duk wanda ya tsaya a bakin komin dabbobin nan na Baitalami, ya kamata ya san cewa jaririn da ke ciki ya zo ne domin gicciye, kuma murnar Kirsimeti da ta Ista igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Ina so ki lura da yadda Luka ya ba da labarin, domin a nan ne nake ganin maganinki yake. Umarnin ƙidaya ne daga Kaisar Augustas ya tashi Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar da ta fi nisan Zariya zuwa Kaduna, ga ta da tsohon ciki. Ba su sami masauki ba. Waɗanda aka fara yi wa albishir makiyaya ne da ke kwana a fili suna tsaron garkensu. Bayan kwana arba'in, da suka kai yaron Haikali, abin da suka miƙa shi ne kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu, kuma idan kika duba Littafin Firistoci sura 12 za ki ga cewa wannan ita ce hadayar da aka yarda wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Wato Ubangijinmu ya sauka ne a gidan da bai iya sayen rago ba. Babu wanda ya share masa ɗaki, babu wanda ya yi masa sabon ɗinki, da 'yan tsummoki aka naɗe shi, amma duk da haka ya zo. Idan har bai jira duniya ta gama shiri ba kafin ya shigo cikinta, to, ke ma ba zai jira sai kin zama cikakkiya ba.

Mu a nan Wusasa muna da abin da ke tuna mana da wannan kullum. Lokacin da mishan ta CMS, wato ƙungiyar masu wa'azin bishara ta ikilisiyar Anglika, ta tashi daga cikin birnin Zariya ta dawo nan a 1929, an gina majami'ar Saint Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausa, kamar yadda magina suke gina soraye da zaurukan birni. A 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller ya ba shekaru masu yawa na rayuwarsa tare da Hausawan da suka taimaka masa. Duk lokacin da na dafa bangon tsohon ginin nan da safiyar hunturu na ji sanyin ƙasar a tafin hannuna, sai in tuna cewa da ƙasa aka yi Adamu, kuma irin wannan jikin na ƙasa ne Ɗan Allah ya yarda ya ɗauka, mai jin sanyi da yunwa da gajiya. Ya san gajiyar da ta kwantar da ke a bencin baya.

Game da ranar kanta, Littafi Mai Tsarki bai faɗi wata ko rana ba. Shaida mafi daɗewa ta bikin a 25 ga Disamba daga birnin Roma take, a shekara ta 336, kuma har yau 'yan'uwanmu Kibɗawan Masar da na Habasha a 7 ga Janairu suke nasu. Na faɗi wannan ne domin kada ki ɗaure kanki da tunanin cewa wanda ya rasa sa'o'i biyu na safiyar nan ya rasa Almasihu.

Shirin kuwa, a ganina, kin riga kin ambata shi da bakinki. Ki kira 'yarki ki gaya mata cewa barci ya ɗauke ki, kuma kin faɗi abin da ba haka ba, ki roƙe ta gafara. Sa'an nan ki buɗe Matiyu 5:23-24, inda Ubangiji ya ce idan kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Bai ce sai idan kai ne mai laifi ba. Zumunci a ƙafa yake, 'yata, ki taka ki je.

Malamin makaranta, Samaru:

Baba, na gode da wannan koyarwa, Allah ya ƙara girma. Yaya Maman Rifkatu, ni ɗan Katolika ne, kuma ina so in ƙara abin da ikilisiyarmu da ta Anglika suka gada, wanda nake ganin kowane Kirista zai iya amfana da shi ko da majami'arsa ba ta bin wannan tsari.

Ikilisiya ta san cewa zuciya ba ta juyawa a dare ɗaya, shi ya sa ta ware Lahadi huɗu kafin Kirsimeti domin jira. Sunan lokacin Adbent, daga kalmar Latin mai nufin zuwa, kuma yakan fara tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Fada, wato firist ɗinmu, yakan sa tufafi masu launin shunayya, alamar tuba, mutane kuma sukan je su furta zunubansu. Zuwa biyu ake tunawa, zuwansa na farko a Baitalami da dawowarsa da muke sa rai, shi ya sa karatun makon farko yake magana a kan zama a faɗake.

Muryar da aka fi ji a makonnin nan ita ce ta Yahaya Maibaftisma, kuma abin da yake burge ni game da shi shi ne bai aiki kowa ya bar sana'arsa ba. A Luka sura 3, da taro suka tambaye shi abin da za su yi, ya ce mai taguwa biyu ya ba wanda ba shi da ita, mai abinci ma ya yi haka. Masu karɓar haraji ya ce musu kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji kuma ya ce kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Kowa a bakin aikinsa aka nuna masa tubarsa. Da a kasuwar Sabon Gari yake wa'azin nan, da ya ce wa mai awo ya cika mudu, ya ce wa tela kada ya karɓi ɗinkin da ya san ba zai gama ba, ni kuma malami ya ce mini in shiga aji a kan lokaci.

Abin da muke yi a gidana ba shi da wuya. Bisharar Luka sura 24 ce, saboda haka daga 1 ga Disamba muna karanta sura ɗaya kowane dare bayan tuwo, mu gama a daren jajibere da labarin tashinsa daga matattu, sa'an nan da safe mu koma sura ta 2. Idan sura ta yi tsawo yara suka fara gyangyaɗi, mukan ɗauki sashe kaɗai. Wasu dararen mun tsallake, ba mu kuma daina ba saboda haka.

Abu na ƙarshe, Kirsimeti a kalandar ikilisiya ba yini ɗaya ba ce. Tana ci gaba kwana goma sha biyu har zuwa 6 ga Janairu, ranar tunawa da zuwan masana daga gabas da zinariya da lubban da mur. A cikin kwanakin nan, 26 ga Disamba ta Istifanas ce, shahidi na farko, 28 ga wata kuma ta yaran Baitalami ce da sarki Hirudus ya sa aka kashe. Tun da 'yan bindiga suka fara tayar da ƙauyuka a jiharmu, ranar 28 ɗin nan ta daina zama mini tarihi kawai, domin Yusufu ma cikin dare ya ɗauki yaron da uwarsa ya gudu Masar. Akwai iyalai a unguwanninmu da suke zaune a ɗakin aro, ba su da abin ɗorawa a wuta. Duk wanda yake lissafin kwanukan da zai raba, ya sa su a ciki.

Gwaggon yara, Tudun Wada:

Ina gaishe da Baba, ina gaishe da Malam. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma tambayar ƙanwata ta ƙarshe ba a amsa ta ba, kuma mu mata ita ce ta fi damun mu, saboda haka ku yi mini haƙuri in yi magana a fili.

Ƙanwata, girki ba laifi ba ne, kada ki bari kowa ya sa miki wannan a rai. Shekarata talatin da wani abu a unguwar nan, kusan duk maƙwabtana Musulmi ne. Da Babbar Sallah naman layya yakan shigo gidana har in rasa inda zan shanya shi, da Kirsimeti kuma kwanona yakan zaga gidajensu. Maƙwabcina nake kira ya yanka mini kaji da akuya, domin kowa ya ci hankalinsa kwance. Sun san Annabi Isa ɗan Maryamu, suna girmama shi, akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan mahaifiyarsa, kuma sun san inda muka rabu da su a kan ko shi wane ne, ni ma na sani, ba mu taɓa ɓoye wa juna ba. Amma a shekarun da gari ya yi zafi, mutanen da suka ci shinkafata su ne suka tsaya a ƙofar gidana. Mala'iku sun yi waƙar salama a duniya a daren nan, ni kuwa na ga wani yanki na salamar yana tafiya a cikin kwanon shinkafa da yaro ya ɗauko a kai. Ba zan ce miki ki sauke tukunya ba.

Inda matsalar take shi ne an bar miki kayan ke kaɗai. Ana yawan karanta mana labarin Marta da 'yar'uwarta Maryamu a Luka sura 10, a ce mu zama kamar Maryamu da ta zauna tana sauraro, amma da an tashi daga sujada kowa Marta yake nema ta zuba masa abinci. Ubangiji bai tsawata wa Marta domin ta yi girki ba, ya ce mata ne tana damuwa da wahalar da kanta a kan abubuwa da yawa. To, a rage abubuwan, a kuma raba su. Ina roƙon iyayenmu maza da ke karanta wannan su ji ni: idan kuna son matanku su ji wa'azi, ku ɗauki wuƙa ku gyara naman watandar da kuka kawo, ku sa samarin gida su ɗebo ruwa su faskara itace, ku kai yara majami'a da wuri. Wannan ma shirin zuciya ne a gare ku.

Ni yanzu cincin tun saura mako guda nake soya shi in rufe a bokiti, ba ya komai. Naman nakan soya shi kwana biyu kafin ranar, miyar kuma da yammacin jajibere, kuma na yi wa kaina doka cewa ƙarfe goma na dare wuta ta mutu, abin da bai dahu ba ya jira gobe. Ɗinki idan bai je wurin tela ba kafin ƙarshen Oktoba, na haƙura da shi, in wanke na bara in goge. Shekaru uku ke nan ban yi sabon anko ba, kuma ba a hana ni shiga layin mawaƙa ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Na ga mata da yawa sun ci bashi a Disamba domin kada a raina su, Janairu ta zo da kuɗin makaranta, murna ta koma kuka.

Lokacin keɓewa kuma, ban taɓa samun sa ba sai da na tsufa. Addu'ata ta shekarun goyo a bakin murhu na yi ta. Ina tsince shinkafa ina rera waƙar Maryamu mahaifiyar Yesu da ke Luka sura 1, inda ta ce ya ƙosar da mayunwata da abubuwa masu kyau, ina wanke kwanuka ina ambaton sunan gidan da kowanne zai shiga, ina roƙa musu albarka.

Maganar facalarki kuwa, Baba ya faɗa, ni dai ƙarin da zan yi shi ne kada ki jira ranar Kirsimeti, kuma kada ki aiki yaro da kwano. Ranar biki idon mutane yana da yawa, za ta ɗauka don a gani kika yi. Ki je a ranar da ba kowa, da la'asar, da ƙafarki, kada ki tayar da zancen gado, kada ki je da niyyar a tantance mai gaskiya. Ki gaishe ta, ki tambayi yara, ki ce zaman da kuke yi ya dame ki. Mai yiwuwa ba za ta sake miki fuska ba a ranar farko. Ni tawa sai da na je sau uku.

Dattijon Wusasa:

Gwaggon yara, kin yi gaskiya, kuma maganarki ta same ni. Shekara arba'in da biyu muna tare da uwargidana, ban taɓa tambayar ta ƙarfe nawa take kwanciya a daren jajibere ba. Bana ni da jikokina maza za mu ɗauki aikin nama.

Maman Rifkatu, Sabon Gari:

Baba, Gwaggo, Malam, na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na ga ya dace in dawo in gaya muku inda aka kwana.

Na zaunar da 'yata daren Talata na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce ai ta sani, domin daga kan dakali ta hango ni kaina a sunkuye. Shekara guda ke nan yarinyar tana riƙe da wannan a ranta ba ta faɗa ba. Na roƙe ta gafara, muka yi addu'a tare, ta kuma tashi tsaye a tsakar ɗaki ta maimaita mini maganar mala'ikan tun daga farko, ba ta manta ko kalma ɗaya ba.

Jiya da la'asar kuma na je gidan facalata. Na daɗe a bakin ƙofa kafin in yi sallama. Ta amsa, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, amma ba ta zauna ba, tana tsaye tana jingine da bango har na gama maganata. Abin da ta ce kawai shi ne ta ji, kuma in gaishe da yara. Na fito gwiwata a sanyaye, sai da na tuna Gwaggo ta ce ita sau uku ta je. Zan koma ranar Asabar mai zuwa, ina roƙon ku sa mu a addu'a, ni da ita.

Atamfar bana na riga na saya kafin in kawo tambayar nan, amma ban kai wa tela ba, kuma akwai wata mata da suka yi gudun hijira da 'ya'yanta huɗu, suna zaune a shagon da ba a gama ginawa ba a bayan layinmu, ita zan kai wa. Maigida ya yarda zai karanta mana Luka da dare, sai dai yana dawowa daga aiki bayan ƙarfe tara, lokacin ƙananan sun yi barci. Malam, idan muka mayar da karatun da asuba kafin a tafi makaranta, yaya kuke yi da surori masu tsawo irin ta farko, mai aya 80?